Ranar da Jingata Ta Fito Jajir

Ina da shekara arba'in da ɗaya aka fara kirana ɓarauniya, kuma ba mutum ne ya fara faɗa ba, kwamfuta ce.

A lokacin aikina duba rijiyoyin burtsatse ne a ƙauyukan Taura. Na kuma koma makaranta a Dutse ina digiri na biyu a fannin tsare-tsaren gwamnati, irin karatun ma'aikata da ake yi a ƙarshen mako. Ranar Juma'a in an sakko daga masallaci sai in hau mota, in sauka gidan ƙanwata a Limawa, Lahadi da yamma in koma wajen maigidana da yara. 'Yan ajinmu yawancinsu na girme su nesa ba kusa ba, Anti suke ce mini. Ban damu ba, ni dai takarda ce ta kawo ni.

A zango na biyu wani malaminmu, wanda kowa ke ce wa Dakta, ya ba mu jinga. Ya ce kowa ya zaɓi wani tsari na gwamnati, ya binciko abin da masana suka rubuta a kansa, ya kawo shafi goma sha biyar. Ko tunani ban tsaya yi ba na zaɓi maganar burtsatse: me ya sa ake haƙa ta, a yi taron buɗewa, a ɗauki hoto, bayan ɗan lokaci kuma ta koma wurin ɗaure awaki. Na ce a raina wannan ai gonata ce, shekara goma sha biyu ina yawo a kanta.

Makarantar tana da rumbun bayanai, wato wani wuri a intanet da aka tara maƙalun masana ba iyaka, sai da lambar ɗalibi da kalmar sirri ake shiga. Wata 'yar ajinmu ce ta nuna mini yadda ake shiga, a tsaitsaye, tana saurin tafiya. Na rubuta abin da nake nema da Turanci, abu ya zubo har ya ba ni tsoro. Na ɗauki guda biyar na farko da suka yarda suka buɗe, na kai aka buga mini su a takarda. Daga nan sai na zauna na kwafe.

Ba lalaci ba ne, wallahi. Da hannuna na buga kowane harafi, ƙarshen mako uku ina yi, ina bin layi da yatsa don kada in tsallake ko waƙafi. Dalili kuwa, ni 'yar malam ce. Babana manomi ne a Aujara, yana kuma karantar da magidanta littattafai a zaurensa bayan la'asar. Mu 'ya'yansa mata da safe yake karantar da mu a tsakar gida. Ba ya duka, ba ya tsawa. In ka canza harafi ɗaya a karatu, gyaran murya kawai zai yi, ƙasa-ƙasa, sai ka ji gabanka ya faɗi ka koma baya. Da wannan na tashi: maganar malami amana ce, ba a rage ta, ba a yi mata kwaskwarima. To ni wace ce da zan ɗauki maganar farfesa in juya ta da bakina?

Sai kuma maganar suna. Na ga yadda suke kiran juna a cikin maƙalun, sunan mutum gatsau, ba Malam ba Alhaji, sai shekara a gefe. Na ce wannan rashin kunyar tasu ce, ba da ni ba. Duk inda na ɗauko magana sai in rubuta cewa masana sun ce. A shafin ƙarshe kuma na yi musu godiya gaba ɗaya, na roƙa musu alheri. Na miƙa jingata ina jin kaina.

Bayan mako biyu Dakta ya aiko in same shi a ofis. Mutum ne marar hayaniya, in yana magana sai ka matso kusa. Ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa. Jingata ce, amma an bi ta da ja, layi bayan layi, shafi bayan shafi. Sunana da na makaranta ne kawai suka tsira.

"Hajiya, kin san ma'anar wannan jan?"

"Wuraren da suka yi kyau ne, ranka ya daɗe?"

Bai yi dariya ba, na kuwa gode masa har yau. Ya ce akwai manhajar da suke zuba kowace jinga a ciki, ita kuma ta gwada ta da abin da aka taɓa bugawa. Duk inda ta sa ja, maganar wani ce aka ɗauko ba a faɗi mai ita ba. Sunan abin satar fasaha.

Kalmar sata kawai na ji. Kaina ya yi zafi. Na ce, "Ni? Haba Dakta! Ni da ko allura ban taɓa ɗaukar wa wani ba? Ai girmama su na yi!" Har na miƙe tsaye, jakata ta zube, biro ya gangara ƙarƙashin teburinsa.

Ya bari na huce, sannan ya jawo wata takarda daga aljihun tebur ya nuna mini. Takardar kai ƙara gaban kwamitin ladabtarwa ce, an riga an cike sunana, sa hannunsa kawai ya rage. Ya ce in ta je can kora ce, kuma za a rubuta wa wurin aikina dalilin korar, tunda su suka ba ni izinin karatu. Ya ce zai riƙe ta mako uku. In na kawo jinga tawa ta kaina, shi ke nan. In ban kawo ba zai sa hannu. Ya ce in je laburare in nemi Hajiya mai kula da sashen kwamfuta.

Na taɓa ganin Hajiyar. Doguwa ce, ta kusa ritaya, tabarau a rataye a wuyanta da igiya, ba ta son jin ƙarar takalmi. Ta buɗe rahoton manhajar, ta danna wani jan layi, sai ga maƙalar da na kwaso shi a ciki ta fito gefe guda. Ta danna wani, wata ta fito. Ta karanta shafi na huɗu, ta koma na tara, ta ɗago ta dube ni.

"Ƙanwata, a shafi na huɗu kin ce in aka bar wa kwamitin gari kula da famfo yana daɗewa. A shafi na tara kin ce kwamitin gari ne ke kashe famfo. Wanne ne?"

"Ai ba ni na ce ba, masana ne."

"Mutum biyu ne, kuma faɗa suke yi da juna. Ke kin haɗa su a jinga ɗaya ba ki ma lura ba."

Kunya ta kama ni, ni kuwa in na ji kunya faɗa nake yi. Na ce mata ni ba a koya mini gyara maganar malamai ba, in su a boko rashin ladabi ne ilimi to su riƙe abinsu. Ta mayar da tabarau ta ce ƙofa a buɗe take daga takwas zuwa huɗu. Na fita ina buga takalmi da gangan.

Ban koma Taura ba, Aujara na nufa. So nake wani ya ce ina da gaskiya, na kuma san wanda zai faɗa. Lokacin kaka ne, an jingine dammunan gero a bangon gida. Na tarar da Baba a zaure a kan buzunsa, ɗalibansa sun watse. Idonsa ya yi rauni a shekarun nan, da murya yake gane mutane. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, lafiya na ji ki yau ba ranar zuwanki ba?"

Na durƙusa na gaishe shi, na zazzage masa komai, har da ƙari. Na ce yadda ya koya mini na yi, ban canza harafi ɗaya ba, ga shi an ce ni ɓarauniya ce. Ya saurare ni yana jan carbi.

"Da kika rubuta maganar tasu, kin ce ta wane ce?"

"Na ce ta masana ce, Baba."

"Masana. Sunan mutum ne masana?"

Sai ya ce in gaya masa, littafin farko da ya karantar da ni, a wurin wa ya ce ya karanta shi. Ban ko yi tunani ba bakina ya kawo: a wurin malaminsa na gabas, shi kuma a wurin mahaifinsa, shi kuma a wurin wani malami da ya zo daga Barno. Tun ina 'yar shekara tara nake jin wannan jerin, har waƙa muke yi da shi in ba ya nan.

"To kin gani. Ban taɓa buɗe muku littafi ban faɗi inda na samo shi ba. Rabin tarbiyyar kika ɗauka, kika bar rabi a tsakar gida."

Na ce to, amma biyu daga cikinsu saɓani suke yi, ni ya zan shiga tsakanin manya? Ya ce malamai ai dama suna saɓawa. Ɗalibi sai ya ce wane ya ce kaza, wane ya ce kaza, kada ya ɓoye ko ɗaya. Wanda kuma ya ga abu da idonsa ya faɗi abin da ya gani, wannan ba rashin kunya ba ne.

"Na san ba ki yi niyyar sata ba, Uwata. Amma kayan mutane ne a hannunki. Je ki mayar wa kowa nasa."

Na yi kuka a motar dawowa, ba zan ɓoye ba. Haushi nake ji, na Dakta, na Hajiya, na Baba, fiye da duka kuma na kaina. Amma kafin mu shigo Dutse na riga na ƙudurta cewa takardar nan ba za ta je wurin aikina da sunan babana a jikin nawa ba. Na nemi hutun mako biyu, na bar yara da kakarsu, na tare a Limawa.

Ranar Litinin ƙarfe takwas saura ina ƙofar laburare, da takalmin roba marar ƙara. Hajiya ta dubi ƙafata, ta dubi fuskata. Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri da abin da na yi." Ta ce, "Jawo kujera."

Ranar farko ko kwamfuta ba ta bari na taɓa ba sai bayan azahar. Ta ba ni farar takarda ta ce in rubuta tambayata a jimla ɗaya. Na rubuta shafi guda, ta mayar mini. Na rage, ta mayar. Sai a karo na biyar ta karɓa: wa ya kamata ya kula da famfon ƙauye bayan an haƙa shi? Ta sa na raba tambayar gida uku, famfo, kulawa, ƙauye, a ƙarƙashin kowanne in jera duk kalmomin da wani zai iya kiran abin da su. Sannan muka shiga rumbun. Ta nuna mini yadda ake haɗa kalmomin a nema tare, da yadda ake tace sakamako a bar na shekarun baya-bayan nan, da akwatin da ake dannawa a bar maƙalun da wasu masana suka tantance kafin a buga. Tulin nan da ya ba ni tsoro ya ragu ya dawo abin da mutum zai iya dubawa a zama ɗaya. Na ce, "Ikon Allah! Ashe dama akwai rariya a ciki." Ta ce in rage murya.

Ta hana ni buga kowace maƙala a takarda sai na karanta tsakurenta, wato 'yan layukan da ke sama masu faɗin abin da ke ciki. A nan na gane biyu daga cikin biyar ɗina na farko ma ba a kan ƙauye suke ba, ruwan famfon birni suke magana. In na sami maƙala mai kyau kuma, sai ta ce in sauka ƙasa in duba manazartarta, in ga wa marubucin ya karanta, in bi su. Da na ga jerin sunayen nan sai na tuna zauren Baba. Ashe su ma suna faɗin malamansu, ni ce ban duba ƙasa ba.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Ranar Laraba na tara maƙala goma sha ɗaya a buɗe, aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareto duk sun tafi. Na dafe kai na ce na shiga uku. Hajiya ta ce ban shiga ko ɗaya ba, ta nuna mini yadda ake buɗe jaka a cikin rumbun da sunana, ina ajiye abin da na samu tun kafin in karanta. Akwai wata maƙala kuma da kowa ke ambata, amma a kulle take, makarantarmu ba ta da izininta. Hajiya ta rubuta wa wani laburare, bayan kwana huɗu ta iso ta imel. Takardar tsarin gwamnati kan ruwan ƙauye ita kanta ba ta cikin rumbun sam. A bene muka same ta, cikin kwali, sai da na hau kujera na sauko da ita, mayafina ya yi butu-butu.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne faɗin magana da bakina. Hajiya ta ce in karanta shafi, in kife takardar, in rubuta abin da na gane ban leƙa ba. Hannuna ya dinga kai kansa zai ɗaga takardar. Da na ga Turancinsu na manne mini a ka, sai na koma rubuta abin da na fahimta da Hausa a littafina, kamar ina yi wa ƙanwata bayani, daga baya in mayar da shi Turancina, gurgu-gurgu amma nawa. Kowace maƙala na ba ta shafi ɗaya da layi uku: wa ya faɗa, me ya ce, ni me na gani a ƙauye. In maganar ta yi kyan da ba zan iya taɓa ta ba, sai in sa ta cikin alamar zance, in rubuta mai ita da lambar shafi.

Ranar da zan fara rubuta sunan wani farfesa gatsau, na daɗe yatsana a kan madanni. Na ga hotonsa, tsoho ne mai furfura, sa'an Baba. Hajiya tana wucewa ta bayana ta ce, "A nan kiran sunansa shi ne girmama shi. Rubuta." Na rubuta, na ce a gafarce ni a zuci.

Layi na ukun nan, na abin da na gani, shi ya yi ta cika har yana zuba bayan shafi. Masanan biyu suna ta gardama a kan kwamitin gari, amma a cikin abin da na karanta ban ga wanda ya tambayi su wa ke cikin kwamitin ba. Ni kuwa na sani, na zauna da su. Magidanta ne, mutanen kirki, amma ba sa zuwa ɗibar ruwa. Famfo kuwa ba ya mutuwa farat ɗaya. Sai ya fara kuka, hannunsa ya yi sako-sako, a yi ta bugawa kafin ruwa ya zo. Masu jin wannan su ne tsofaffin mata da 'yan mata da 'yan garuwa, da matan rugage da ke zuwa da rani lokacin da ake shayar da shanu famfon ba ya hutawa. Su ba mai tambayarsu. Kafin labari ya kai ga kwamiti, 'yar robar da za a canza a wuce wurin ta riga ta ja ƙarfen ciki ya lalace. Na rubuta wannan a sakin layi guda, na ba da shawarar a sa masu ɗibar ruwa biyu a kowane kwamiti, da ikon kai rahoto kai tsaye. Sau uku ina goge shi, ina ganin kamar na yi tsaurin ido. Sau uku ina mayar da shi.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika na miƙa. Ranar Asabar Dakta ya kira ni. Ya juyo da kwamfutar. Fari tas, sai ɗan ja nan da can a kan maganganun da na sa cikin alamar zance da sunayen maƙalu. Ya ce wannan ba laifi. Amma bai sallame ni ba. Ya ɗauki jingar da aka buga yana karantawa da biro a hannu, ni kuma ina zaune ina jira. A shafi na goma sha ɗaya ya tsaya.

"Wannan sakin layin ba madogara. Wa ya faɗa?"

Na ce, "Ni ce, ranka ya daɗe."

"Daga wa kika ji?"

"Daga matan da ke ɗibar ruwa. Shekara goma sha biyu ina tsayawa a bakin famfo tare da su."

"To rubuta haka. Su ma a ba su haƙƙinsu." Ya sake karanta wurin, ya ja layi a gefe. "Da shi ya kamata ki fara."

Ya buɗe aljihun tebur, ya ciro takardar ƙarar nan, ya miƙo mini ba sa hannu. Na karɓa da hannu biyu. Na biya ta laburare na nuna wa Hajiya. Ta sa tabarau ta duba, ta ce madalla, ta kuma tuna mini cewa akwai littafinsu guda a wajena.

Washegari na tafi Aujara da jingar a jaka. Baba ya ce in karanta masa, in fara da waɗanda na ɗauko a wurinsu. Na jero masa manazarta, sunaye na ƙasashe daban-daban, wasu ina tuntuɓe a kansu. Duk wanda na kira sai ya ce, "Allah ya saka masa." Sannan na dinga fassara masa, wane ya ce kaza, wane ya saɓa masa. Da na zo shafi na goma sha ɗaya na yi ƙasa da murya na ce, "Wannan kuma nawa ne, Baba."

Ya ajiye carbi. "Karanta."

Na karanta a hankali, gabana na faɗuwa kamar ina 'yar shekara tara a tsakar gida. Har na kai ƙarshe ina jiran gyaran murya. Bai yi ba.

Ya ce, "Sake karanta mini, Uwata."